Muhawara: Da gaske kai-komon farashi yana da kaushi, ko awonmu ne yake ruɗar mu?

Malamin lissafi: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da nake so mu baje, kuma zan faɗi matsayata tun farko. A 2014 Jim Gatheral da Thibault Jaisson da Mathieu Rosenbaum suka fitar da wani bincike, wanda mujallar Quantitative Finance ta buga a 2018. Sun ce ƙarfin kai-komon farashin hannun jari, wato yadda kasuwa take ɗaukar zafi yau ta lafa gobe, ba ya tafiya irin ta motsin Brown, wato motsin kan-mai-uwa-da-wabi wanda kowane matakinsa ba ruwansa da na baya, da aka saba gina lissafin kuɗi a kansa. Ya fi shi kaushi nesa ba kusa ba. Ma'aunin da ake gwada wannan da shi sunansa H. Na motsin Brown 0.5 ne, su kuwa kusan 0.1 suka samu a kasuwanni da dama. Ni a wurina maganar ta tabbata, kuma tun bayan samfurin Heston na 1993, tsarin lissafin da ya ɗauka kai-komon yana sauyawa da motsin Brown, ba a gano abin da ya kai ta muhimmanci a fannin ba. Mai ja ya fito.

Ɗalibin ajin ƙarshe: Wa alaikumus salam Malam. Kafin manya su fara, a taimaka mana: mene ne bambancin 0.5 da 0.1 a aikace?

Ɗalibar digirin digirgir: Ƙanena, ɗauki motsin kwana ɗaya ka kwatanta shi da na kwana 100. Idan H 0.5 ne, na kwana 100 zai ninka na kwana ɗaya sau 10. Idan 0.1 ne, sau 1.6 kacal zai ninka shi. Ka ga kenan yawancin rawar tana faruwa ne a gajeren lokaci, ta hau yanzu ta sauko anjima, hawan da saukar suna cinye juna. Shi ya sa idan ka zana layin sai ka gan shi da ƙayoyi duk inda ka duba, kome kusantowarka.

Kuma lissafin ba sabo ba ne. Kolmogorov ya rubuta irin wannan motsi tun 1940, Mandelbrot da Van Ness suka faɗaɗa shi a 1968, suka sa masa harafin H don tunawa da Harold Hurst, Baturen Ingila da ya shafe shekaru yana nazarin ambaliyar Kogin Nilu a Masar. Abin lura, Comte da Renault sun shigo da shi lissafin kuɗi a 1998, amma da H sama da 0.5, domin a lokacin an yi imani kai-komon farashi yana da doguwar ƙwaƙwalwa, wato tasirin abin da ya wuce yana daɗewa a cikinsa. Su Gatheral sai suka juya maganar gaba ɗaya.

Masanin ƙididdiga: Malam, ni ne mai ja. Tambaya ɗaya nake so a amsa mini: wa ya taɓa ganin ƙarfin kai-komon da idonsa? Farashi ake gani. Shi kai-komon ƙiyasta shi ake yi. Kasuwar New York tana buɗe awa shida da rabi, minti 390. Ka yanka ta minti biyar-biyar, ka samu gutsure 78, ka ninka canjin kowanne da kansa, ka tara, ka ce ga awon yau. Ko da a ce ƙarfin na gaskiya bai motsa ba duk yinin, wannan jimlar tana ɗauke da kuskuren da ya kai wajen kashi 16 cikin ɗari, saboda gutsure 78 ba su da yawa.

To yanzu duba abin da kuskuren yake haifarwa. Idan awon yau ya zarce gaskiya bisa tsautsayi, gobe sai a ga kamar an sauko, alhali babu abin da ya sauko. Idan ka lissafa alaƙar canjin yau da na gobe a tsantsar kuskure irin wannan, za ka samu -0.5. Idan ka lissafa ta a motsin da H ɗinsa 0.1 ne, za ka samu kusan -0.43. Ka ga yadda suka yi kusa? Kamar mai ɗaukar hoto ne da hannunsa ke rawa, hoton ya fito a karkarce, a ce ginin ne ke girgiza. Rama Cont na Jami'ar Oxford da Purba Das sun gwada wannan a 2022. Sun sa kwamfuta ta ƙirƙiro farashi daga samfurin da suka san kai-komonsa motsin Brown ne zalla, suka auna shi yadda ake auna na kasuwa, sai awon ya fito da kaushi, H ɗinsa ƙasa da 0.5 sosai. Wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Malamin lissafi: Dokta, na san aikin, ban kuma raina shi ba. Amma abin da ya nuna shi ne awo zai iya ƙirƙiro kaushi. Bai nuna cewa kaushin kasuwa duk na awo ne ba. Kuskuren da kake magana girmansa ɗaya ne ko tazarar kwana ɗaya ka duba ko ta wata guda, don haka tasirinsa yana raguwa idan tazara ta yi tsawo. Su Gatheral kuwa layin da suka samu, na girman canji a kan tsawon tazara, ya miƙe tun daga kwana ɗaya har makonni da dama. Sannan Masaaki Fukasawa da Takabatake da Westphal sun sa kuskuren awon a cikin lissafinsu tun daga tushe, suka cire tasirinsa, duk da haka H ya fito ƙarami. Me za ka ce da wannan?

Masanin ƙididdiga: Zan ce sun fara ne da ɗaukar cewa abin daga dangin motsin Kolmogorov yake, sannan suka tambayi alƙaluma wane H ne ya fi dacewa. Idan ka tsare amsa a cikin dangi ɗaya, daga cikinsa za ta fito. Ni tambayata tana gaba da wannan: wa ya ce dangin ne daidai?

Ma'aikaciyar banki: Ku yi haƙuri in shigo daga ɓangaren masu sa farashi, domin mu ba awon tarihi ne ya ja hankalinmu ba. Kwantiragin zaɓi ne, wanda ke ba mutum damar saye ko sayar da hannun jari a wani farashi zuwa wata rana. Lissafin Black da Scholes na 1973 ya ɗauka ƙarfin kai-komo lamba ɗaya ce tak. Tun daga ranar 19 ga Oktoban 1987, da ma'aunin Dow Jones na hannayen jarin Amurka ya faɗi da kashi 22.6 cikin ɗari a yini ɗaya, kasuwa ta daina yarda da haka. Kwantiragin da ke kare mutum daga faɗuwa ya koma ya fi tsada, aka samu karkata a jadawalin farashi.

Ga inda gizo ke saƙar. A ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka, karkatar nan tana ƙara tsanani yayin da wa'adin kwantiragi ke matsowa. Samfurin Heston ba ya iya fitar da wannan, a gajeren wa'adi karkatarsa tsayawa take cak. Alòs da León da Vives a 2007, da Fukasawa a 2011, sun nuna da hujjar lissafi cewa idan H ya gaza 0.5, karkatar za ta riƙa hawa daidai da irin abin da ake gani. Wannan shaida ce daga wata ƙofa dabam, Dokta, babu ruwanta da gutsurenka 78. Ƙofofi biyu da ba su haɗa hanya ba sun kai mu wajen 0.1. Ruwa ba ya tsami banza.

Masanin ƙididdiga: Hajiya, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo, na yarda. Sai dai ita ma tana da mai ja. Tsallen farashi na farat ɗaya shi ma yana tsananta karkata a gajeren wa'adi. Kuma tun 2022 kasuwar Cboe ta Chicago ta sa akwai kwantiragin S&P 500 da wa'adinsa ke cika a kowace ranar aiki, don haka yanzu ana iya leƙa can ƙasan jadawalin, inda da ba a gani. Julien Guyon da Mehdi El Amrani sun duba, suka ce karkatar ba ta ci gaba da hawa ba iyaka kamar yadda samfurin kaushi ke buƙata. Shi Guyon ɗin da Jordan Lekeufack a 2023 sun kawo wani bayani dabam: tarihin farashin da kansa, faɗuwar jiya da girgizar makon jiya, yana iya bayyana har kashi 90 cikin ɗari na sauyin kai-komon da kasuwa ke hasashe. Ba su buƙaci kaushi ba.

Ɗalibar digirin digirgir: Ni abin da ya sa na zaɓi wannan fannin yana wani wuri, kuma ina ganin ana tsallake shi. Ko Dokta ne ya yi nasara gobe, abin da wannan tambaya ta jawo wa tsantsar lissafi ba zai goge ba. Lissafin Itô na 1944 an gina shi ne domin motsin Brown da danginsa. Motsi mai H ƙasa da 0.5 ba ya cikin wannan dangin. Terry Lyons ya kawo nazariyyar hanyoyi masu kaushi a 1998, amma Coutin da Qian suka nuna a 2002 cewa ginin da aka saba yi wa irin wannan motsi yana aiki ne idan H ya wuce 0.25. To 0.1 yana ƙasa da nan. Ina mafita? Sai ga shi Bayer da Friz da Gassiat da Martin da Stemper sun ɗauko tsarin da Martin Hairer ya ƙirƙira domin wasu lissafe-lissafen kimiyyar fiziks, wanda ya ci lambar Fields, babbar lambar yabo ta lissafi, da shi a 2014, suka yi amfani da shi a kan farashin kwantiragin zaɓi. Abin da aka gina ba tare da tunanin kasuwa ba ko kaɗan, shi ya zo ya yi aikin. Wannan yana burge ni ƙwarai.

Masanin ƙididdiga: Ƙanwata, hujjojin nan daidai suke, babu mai taɓa su. Amma hujjar lissafi cewa take yi idan kaza ne, to kaza zai biyo. Ba ta ce kasuwa kaza ce ba. Kyawun lissafin ma shi ne abin da nake tsoro, domin yana sa mutum ya so amsar ta zama gaskiya.

Malamin lissafi: A'a Dokta, akwai dalili daga cikin kasuwar kanta. El Euch da Fukasawa da Rosenbaum sun fara daga ƙasa, daga odar saye da sayarwa ɗaya bayan ɗaya. Sun yi amfani da tsarin da Alan Hawkes ya kawo a 1971, inda kowane abu da ya faru yake ƙara yiwuwar faruwar wani. A kasuwannin yau yawancin oda martani ne ga wata oda, kuma manyan masu saye suna daddatsa odarsu su riƙa shigar da ita kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Da suka haɗa waɗannan suka hango abin daga nesa, samfurin Heston mai kaushi ne ya fito da kansa. Ba cusa kaushin aka yi ba, halin masu ciniki ne ya haife shi.

Ɗalibin ajin ƙarshe: To Hajiya, tunda ku ne a bakin aiki, da shi kuke sa farashi?

Ma'aikaciyar banki: Ba kai tsaye ba, ƙanena, kuma dalilin yana da muhimmanci. Samfurin Heston abin da ya sani shi ne halin yanzu kawai, daga nan yake hasashen gaba, shi ya sa kwamfuta ke warware shi nan da nan. Mai kaushi kuwa sai ya tuna duk hanyar da aka biyo, lissafinsa ya yi nauyi. El Euch da Rosenbaum sun sauƙaƙa wani ɓangare a 2019. Eduardo Abi Jaber da El Euch kuma suka nuna za a iya kwaikwayon kaushin ta hanyar tara abubuwa da dama na motsin Brown na yau da kullum, wani mai saurin komawa mazauninsa cikin sa'o'i, wani cikin makonni, wani cikin watanni. Wannan kwamfuta tana iya ɗauka.

Masanin ƙididdiga: Alhamdu lillahi, Hajiya ta kawo ni inda nake so. Idan tarin motsin Brown masu sauri daban-daban zai kwaikwayi kaushi har ba a iya rarrabe su da alƙaluman da muke da su, da wane dalili za a ce kasuwa kaushi gare ta? Kaushi sifa ce ta abin da ke faruwa idan tazara ta yi ta ƙanƙancewa ba iyaka. Farashi kuwa yana da mafi ƙanƙantar mataki, ciniki ma ɗaya-ɗaya yake zuwa. Wurin da za a yanke hukuncin babu shi a kasuwa.

Ɗalibar digirin digirgir: Da wannan ma'aunin, Dokta, motsin Brown ma ya faɗi, domin shi ma babu wanda ya gan shi a tazarar da ba ta da iyaka, amma tun da masanin lissafi Bachelier ya shigo da shi lissafin farashi a 1900 ake aiki da shi. Abin tambaya shi ne wanne ya fi bayyana abu mai yawa da lambobi kaɗan. Samfurin Bergomi mai kaushi na Bayer da Friz da Gatheral, na 2016, lambobi uku yake buƙata bayan hasashen kai-komon da ake karantowa daga kasuwa. Naka kowane abu da ka ƙara sai ya zo da nasa lambobin.

Malamin lissafi: Nan nake tsaye ni ma. Lamba ɗaya da ta haɗa awon tarihi da karkatar kwantiragi da halin oda ba zan kira ta haɗuwar tsautsayi ba.

Masanin ƙididdiga: Ni kuma ga sharaɗina, Malam. A tsayar da lambobin samfuran biyu da alƙaluman shekara guda, a kulle su, kada a sake taɓawa. Sannan a ba su kwantiragin da wa'adinsu bai wuce mako ɗaya ba na shekarar da ta biyo, a ga wanne ya fi kusa da farashin kasuwa, wanne kuma ya fi rage asarar mai neman kariya.

Ma'aikaciyar banki: A haɗa da kwantiragin VIX, ma'aunin kai-komon da kasuwa ke hasashe, a gwajin. Daidaita su tare da na S&P 500 a samfuri ɗaya shi ne ya daɗe yana ba kowa wahala, masu kaushi da marasa shi.

Ɗalibar digirin digirgir: Zan iya haɗa na Heston mai kaushi da na Guyon da Lekeufack. Dokta, kai ka zaɓi shekarun, don kada a ce ni na zaɓi waɗanda suka dace da ra'ayina.