"Da yayyafi kogi kan cika": tari ne ko ninki?

Ɗan Kurmi: Jama'a, 'yan adashi biyu ne suka yi cacar baki a kasuwa. Ɗaya ya ce da yayyafi kogi kan cika, ɗayan ya ce yayyafin da ba ya ninkuwa ko kwalbati ba zai cika ba. Wa ya fi gaskiya?

Malam Alli: Na farkon. Karin maganar tari take nufi, ɗaya kan ɗaya. Ninki wata dabba ce daban.

Uwar Biyu: Malam, kakarmu da ninki take fassara ta. Wai wani almajiri ya ci sarki a dara, aka ce ya faɗi ladansa. Ya ce ƙwayar gero ɗaya a gurbin farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gurbi 30. Fadawa suka yi ta dariya. Kafin a kai layin ƙarshe ma'aji ya cire hula yana fifita. Nan take cewa dara ta ci gida.

Malam Alli: Allah ya jiƙan Iya. Amma a kula, nan ɗalibai ke faɗuwa: gurbi na 30 ninki 29 ya samu, domin na farko ba a ninka shi ba. Ƙwaya 536,870,912 ke cikinsa. Jimillar duka kuwa ninka wannan ka cire ɗaya: 1,073,741,823. Da ƙwaya ɗai-ɗai kullum ne, sai an yi kusan shekara miliyan uku.

Sarkin Zolaya: Wannan ai ko kuɗin share ofis bai kai ba a kasafin wasu.

Hajiya Lissafi: Kogin ma bai cika ba, lambar mara ce. Amma tana rabuwa. Haɗa alƙalumanta, 36 ne, don haka 9 ta raba ta: 119,304,647. Idan aka farfasa ta duka: 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Dalili, 30 kanta tana rabuwa, kuma duk sanda yawan guraben ya rabu, jimillar ma sai ta rabu.

Ɗan Kurmi: To Hajiya, in aka ƙara gurbi ɗaya fa?

Hajiya Lissafi: Sai a sami 2,147,483,647, wadda ba mai raba ta sai 1 da ita kanta. Masanin lissafi Euler ya tabbatar da haka a 1772. Irin waɗannan jimilla na ninki ake kira lambobin Mersenne, da sunan wani masanin lissafi. Kada dai ka ɗauka duk sanda yawan guraben ba ya rabuwa, jimillar ma ba ta rabuwa: 11 ba ta rabuwa, amma gurbi 11 na ba da 2,047, wato 23 × 89.

Sarkin Zolaya: Ba ta rabuwa sai da kanta? Ashe da mai girma a cikin lambobi ma.

Uwar Biyu: Ku dai kun bar almajiri tsaye, ba a auna masa geronsa ba.

Ɗan Kurmi: Ni har yanzu ba a gaya mini wanda zan ba gaskiya ba, ga shi gobe ranar zubi.