Karofina ya ƙi kama zare: me kuka yi da irin haka ta same ku?

Mai tambaya, daga wani ƙauye kusa da Kura:
Assalamu alaikum. A farkon hunturun bana na gyara ɗaya daga cikin ramukan rinin kakanmu, na zuba ruwa da toka da katsi da baba kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro, ina motsawa da muciya safe da yamma. Yau kwana tara ke nan babu kumfa, babu warin nan da na sani. Zaren da mahaifiyata ta yi wata biyu tana kaɗawa da mazari na tsoma shi sau uku, ya fito toka-toka, da na ɗauraye kuwa sai ɗan launin ya bi ruwa. Ina roƙon wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mana yadda ya fita.

Wani dattijon marini, daga birnin Kano:
Wa alaikumus salam. Ɗana, da tsumma ake gwada sabon karofi, ba da wahalar gyatuma ba, amma abin da ya wuce ya wuce. Ina saurayi an yi wani hunturu mai tsanani da ramuka uku suka kwanta mana lokaci guda, muka so mu kwashe su, mahaifina ya hana. Ya tsoma yatsu biyu ya murza don ya ji ko akwai santsi, ya ɗanɗana a bakin harshe, ya ce tokar ta isa, sanyi ne kawai ya kama su. Sai ya sa muka ɗebo ruwan wani tsohon rami mai rai muka zuba a kowanne, muna buɗe su rana ta doka, da la'asar mu lulluɓe da tabarmi. Biyu suka tashi cikin kwana huɗu, na ukun bai tashi ba har muka haƙura da shi. Alamar da za ka jira ita ce kumfa mai duhun shuɗi da ƙyalli kamar na tagulla a sama, ruwan ƙasa kuma ya koma kore-kore.

Wani ɗalibi da ke karatu a Japan:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da kuka faɗa shi na gani a Tokushima, yankin da ya yi suna wajen baban Japan. Su ganyen suke tarawa a ɗaki, suna yayyafa masa ruwa suna juyawa kimanin kwana 100 har ya ruɓe ya zama abin da suke kira sukumo, sannan su haɗa shi da ruwan toka da farar ƙasa da dusar alkama a manyan tuluna da aka binne. Saboda sanyinsu ya fi namu, a wurin da na ziyarta ana ɗumama tulunan, kuma mai wurin ya ce idan ruwan ya yi rauni ba ya rina komai sai ya ba shi dusa ya bar shi ya huta. Dalilin kuwa shi ne, shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun cinye iskar da ke cikinsa, kuma sanyi yana kashe musu kuzari. Shi ya sa zane ke fitowa kore, sai ya sha iska ya rikiɗe shuɗi. Ina ganin ruwan tsohon ramin nan halittun ya kai wa sababbin.

Wata Hajiya mai fataucin yadi zuwa Indiya:
Ni ban iya rini ba, saye nake yi, amma na zauna da masu yin ajrak, wani yadi da ake buga wa zane da hatimin katako ana rina shi, a Ajrakhpur, cikin yankin Kach na jihar Gujarat, ƙauyen da suka kafa bayan girgizar ƙasar 2001. Zancensu kullum ruwa ne, domin a tsohon garinsu Dhamadka ƙarfe ya yi yawa a ruwan har yana dusashe musu launi. Su da mazarƙwaila suke ciyar da baba. Malam, wace rijiya ka ɗebo, wadda kakanku ke ɗiba ce ko sabuwar burtsatse?

Wata tsohuwa mai kaɗi, daga Damagaram, jikarta ce ta rubuta mata:
Duk kun tafi kan rami kun bar zaren. Auduga tana da maiƙonta, ga allin da muke shafawa a yatsu, ga gumin hannu na wata biyu. Da ƙuruciyata na taɓa kai abawa marina kai tsaye daga mazari, ta dawo dabbare-dabbare, uwar mijina ta yi mini faɗan da har yau ban manta ba. Tun daga nan sai na dafa zare da ruwan toka, na ɗauraye, na kai shi da danshinsa. Ka jefa ɗan guntu a ƙwaryar ruwa: idan ya tsaya a sama bai nutse ba, ko karofin Ƙofar Mata ka kai shi ba zai sha yadda ya kamata ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, ruwan rijiyar gidanmu ne, wadda aka saba. Na samo bokiti biyu na ruwan tsohon rami daga wani marini a Kura na zuba, na rufe ramin da tabarmi da buhuna, kuma jiya da safe na ga kumfa a gefe ɗaya, ba ta kai tafin hannu ba. Inna, na gwada guntun zaren a ƙwarya, ya daɗe yana yawo a sama kafin ya nutse. Yanzu haka yana kan wuta a tukunyar mahaifiyata, ita kuma ta ce ba za ta sake ba ni shi ba sai ta ga tsumman gwajin da idonta.