Yara suna canza amsa a gwajin Piaget, furojet ɗina ya tsaya

Assalamu alaikum. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karantar ilimin halayyar ɗan Adam, furojet ɗina kuma kan bunƙasar tunanin yara ne. Gwajin Piaget, masanin bunƙasar tunanin yara, nake yi: in zuba ruwa daidai a kofi biyu, yaro ya tabbatar daidai ne, sai in juye ɗaya cikin dogon kofi siriri a gabansa, in sake tambaya. A ƙa'ida, daga wajen shekara 7 yaro kan gane ruwan bai ƙaru ba.

To amma 'yan firamaren da nake gwadawa, har masu shekara 9, da na maimaita tambayar sai su kalli fuskata, su sunkuyar da kai, su canza amsa. Na roƙi malamarsu ta fita, na zauna da su kan tabarma, na koma gwajin ƙidaya da marafan kwalba, duk jiya i yau. A ganina kwarjinin babba ne, don yaranmu in babba ya sake tambaya, ɗauka suke sun yi kuskure.

Idan na yi tambayar sau ɗaya tak, bayan juyewa, sakamakon zai karɓu a matsayin gwajin Piaget? Na gode.