Wa ya taɓa haɗa tsohuwar firinta da rawutar gida?

Mai Shagon Buga Takardu: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da HP LaserJet 4 Plus, samfurin 1994, kuma har yau rubutunta tsaf yake fita. Ba ta da USB, sai tsohuwar kafar nan mai faɗi ta Centronics. So nake yara su riƙa tura aikin makaranta daga wayoyinsu. Wanda ya taɓa yin irin wannan ya ba mu labari.

Injiniyan Gida: Wa alaikumus salam, Yallabai. Duba bayanta, akwai ramin da ake zura katin JetDirect, wato katin da ke haɗa firinta da rawuta, na'urar da ke raba intanet a gida. Tawa LaserJet 4050 ce, katinta EIO ne, naka kuwa MIO ake kira, kada mai sayarwa ya haɗa ka da wanda ba zai shiga ba. Na sa katin, na jona kebul zuwa rawuta, na buga shafin bayanan firintar don in ga adireshin IP, wato lambar da kwamfuta ke gane firintar da ita. Idan ka ga 192.0.0.192, to katin bai samu adireshi daga rawutar ba, ka sa masa da hannu daga maɓallan gaba. Ka ba shi tsayayyen adireshi, in ba haka ba duk ranar da wuta ta ɗauke ta dawo yana iya canzawa, kwamfuta ta neme ta ta rasa. A Windows na ƙara ta a matsayin Standard TCP/IP, ƙofa 9100, da direban PCL 5, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa firintar da ita. Gudun katin megabit 10 ne kawai, amma ya ishi takardu.

Malama Mai Koyar da Lissafi: Injiniya, wannan ya magance kwamfuta, amma shi waya ya ce. Ni ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi na sa a tsakani, da manhajar buga takardu ta CUPS a kai. Ita ke karɓar aiki ta Wi-Fi ta miƙa wa firintar, kuma wayoyin gidan duka suna ganinta, har iPhone. Tawa LaserJet 1020 ce mai cin tona, wato garin tawada, samfurin 12A. Ita tana da wani hali: ba ta riƙe manhajar cikinta, duk lokacin da aka kunna ta sai an sake loda mata. Da na sa direban foo2zjs ya ɗauke min wannan aikin. Ga taka, Malam, kebul na USB zuwa Centronics zai haɗa ta da Pi ɗin.

Ɗan Kasuwar Hatsi: Ni Epson LX-300 nake riƙe da ita saboda rasiti mai kwafi uku, allurai ke dukan takarda. Da irin wannan kebul ɗin na haɗa ta. Kebul na farko mai arha ya riƙa yanke layi a tsakiyar bugu, na biyu ya yi lafiya lau.

Injiniyan Gida: Yallabai, kafin komai karanta tambarin wuta a bayanta. Wasu 'yan gwanjon Amurka na bolt 110 ne, sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma kada ka ɗora ta kan ƙaramar inbata, ɓangaren da ke gasa tona yana jan wuta sosai in yana ɗumama.

Mai Shagon Buga Takardu: Allah ya saka da alheri. Na duba, ta 220 ce, kuma ramin katin a buɗe yake. Hajiya Malama, wane Pi kika sa? Ina da tsohon Pi 3 a ajiye.

Malama Mai Koyar da Lissafi: Zai yi, yana da Wi-Fi a jikinsa. Ka dai samo masa caja mai ƙarfi da katin ajiya mai kyau.