Mu tura shi makarantar tauhidi bana, ko ya ƙara zama a gefen Baba Fasto?

Dattijon Ƙofar Ƙaura: Salama 'yan'uwa. Ina cikin dattawan wata ƙaramar ikilisiya a nan cikin garin Katsina. Muna da wani yaro ɗan shekara 24, ya gama NCE, yana koyarwa a wata firamare ta kuɗi. Shi ke riƙe da makarantar Lahadi, in Baba Fasto ya yi tafiya kuma shi ke jan addu'ar safe. Ya ce yana jin kira. Dattawa mun rabu biyu: wasu sun ce a haɗa kuɗi a tura shi makaranta bana, wasu sun ce ya ƙara shekara biyu a gefen Baba tukuna. Mahaifinsa ya rasu, albashinsa ne ke ci da mahaifiyarsa da ƙannensa uku. Ba wace makaranta ta fi nake tambaya ba. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ta kaya.

Ɗan Funtuwa: Ku kai shi Jos kawai, makarantar tauhidi ta JETS na nan tun 1980. In ba ta yi muku ba ga ta Kagoro, ga ta TCNN a Bukuru. Ubansa ya biya rabi, ikilisiya ta biya rabi, shi ke nan.

Maman Rahila: Ɗan Funtuwa, ka karanta kuwa? An ce uban ya rasu.

Ɗan Funtuwa: Af, Allah Ya ta'azantar. To kawunsa.

Tsohon Mai Jaka: Baba Dattijo, don Allah kada ku yarda da wannan "shekara biyu". Haka aka ce mini. Ina saurayi aka damƙa ni ga wani Rabaran, wai in koyi hidima. Me na koya? Ɗaukar jaka, wanke babur, sharar ofis, kai yaransa makaranta. In za mu ziyarar marar lafiya, a bakin ƙofa nake tsayawa da babur, shi ya shiga. Ban taɓa ganin yadda ake sasanta miji da mata ba, ban taɓa zama a taron dattawa ba ko da a bayan ɗaki. Sau ɗaya ya ba ni wa'azi, ranar da mura ta shaƙe masa murya. Da aka tashi mutane suka yi ta gaishe ni, wata tsohuwa har da cewa yau ta ji Kalma. Wannan yabon ne ya kashe ni. Daga ranar ban sake hawa mumbari ba. Duk lokacin da takardar shiga makaranta ta fito sai ya ce ban nuna ba tukuna. Da ɗansa ya gama sakandare, a shekarar aka sa masa hannu ya tafi. Yau ina sayar da kayan gyaran babur, ina da 'ya'ya, ina zuwa sujada, amma ba na zama a gaba.

Maman Rahila: Wayyo. Sannu ɗan'uwa, Ubangiji Ya warkar maka da zuciya.

Bala Makaɗi: Aƙalla dai ka fito da sana'ar babur, kenan horon bai tashi a banza ba.

Tsohon Mai Jaka: Bala, ba abin dariya ba ne.

Rabaran Mai Ritaya: Ɗana, na ji zafinka, kuma ban ce ƙarya kake yi ba. Amma kada laifin mutum ɗaya ya sa a zubar da hanyar. Joshuwa ya yi wa Musa hidima, Elisha ya zuba wa Iliya ruwa a hannu. A 2 Timoti 2:2 Bulus ya ce wa Timoti ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane da za su koya wa wasu. Amana kuwa ba a gane ta a takardar jarrabawa. Iyayenmu da suka ba da gaskiya a Babbar Ruga kusa da Katsina, zamanin da 'yan mishan na SIM ke kula da kutare, nawa ne cikinsu suka ga digiri? A gefen manya suka koya, kuma su suka kai bishara ƙauyuka da ƙafa.

Tsohon Mai Jaka: Baba, da girmamawa, Musa ya ɗibiya wa Joshuwa hannu a gaban jama'a tun yana da rai. Namu sai an kai su makabarta.

Malam Audu Kafur: Ni kuma ta ɗaya gefen aka cuce mu. Mun tura yaro da buhunan masara da dawa na baikon kaka, Zumuntar Mata har ƙuli-ƙuli suka yi ta aika masa. Da ya gama ya dawo, wa'azinsa rabi Turanci, tsofaffi suna kallonsa kawai. Bai yi damina biyu ba ya wuce Abuja. In za ku tura, ku rubuta yarjejeniya. A wancan lokacin, kuɗin zangon karatu ɗaya bai wuce dubu tamanin ba har da abinci.

Ɗan Funtuwa: Dubu tamanin? A wace shekara, Malam? Ƙanena yana karatu yanzu, da kuɗin makaranta da ɗaki da littattafai mun haura dubu ɗari uku a zango.

Maman Rahila: Ku duka kun yi nisa. Makarantar Baibul ta Hausa da ɗan yayata ya yi ko dubu hamsin ba ta kai ba, ɗalibai ma gona ake ba su.

Ɗan Funtuwa: Mama, wannan satifiket ne. Mai NCE za a mayar can?

Bitrus na Malumfashi: Mu a Katolika ba a wannan gardamar. Yaro yana shekaru a seminari, a lokacin hutu ana tura shi aiki ƙarƙashin wani Fada, duka biyun tare. Ga shi a 2023 an kafa Dayosis na Katsina, kuma Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, shi ne bishop na farko. Haƙurin horo ne ya kawo haka.

Malam Audu Kafur: Muna taya ku murna, amma Fada ba shi da mata da 'ya'ya. Shawararka ba ta hau kanmu ba.

Bitrus na Malumfashi: Shi ma yaron ai ba a ce yana da mata ba.

Bala Makaɗi: Ku bari ya hau mumbari sau uku, 'yan matan ƙungiyar mawaƙa za su warware wannan matsalar.

Maman Rahila: Tunda ana maganar wa ya isa ya ba da shawara, mu da ke renon yaran nan tun daga makarantar Lahadi ba a tambayarmu sai an zo tara kuɗi. Baba Dattijo, an zauna da uwar yaron kuwa? Ita za ta kwana da yunwar.

Dattijon Ƙofar Ƙaura: Mama, ba a zauna ba tukuna. Abin da nake ta so a taɓa kenan. In ya ajiye koyarwa, wa zai riƙe gidan?

Rabaran Mai Ritaya: Bari in faɗi abin da ba a so a faɗa. Kuna cewa tsofaffi ba sa sakin wuri. Ku tambayi ina za su je. Mutum ya ƙare ƙarfinsa a gidan ikilisiya, ana yi masa canji daga wannan ƙauye zuwa wancan, bai kafa ko tubali ɗaya ba. Ranar ban kwana a ba shi agogon bango da shadda, a ce ya kwashe kaya kafin sabon fasto ya iso. Ni a ɗakin haya nake, 'yata ke biya. Wanda ya ga haka ta faru da na gabansa, in ya ga yaro mai baiwa, gabansa ne zai faɗi.

Tsohon Mai Jaka: To ni ne zan biya kuɗin hayar da rayuwata, Baba?

Malam Audu Kafur: Maganar Baba gaskiya ce. Namu tsohon faston da ya yi ritaya sai da muka yi masa aikin gayya kafin ya samu ɗaki biyu. Shi kuwa kason da muke turawa sama, wato hedikwata, duk wata ba ya latti ko sau ɗaya. Ina yake shiga?

Ɗan Funtuwa: Yauwa, a nan ake yinta. A fito da lissafi a taron shekara, a karanta da Hausa kowa ya ji.

Dattijon Ƙofar Ƙaura: 'Yan'uwa, ranar Asabar dattawa za su zauna. Har yanzu ba wanda ya ce mini komai game da mahaifiyar yaron in ban da Mama.

Bala Makaɗi: Malam Audu, agogon bangon ma ai daga cikin kason ake saye.