Wane fure zan dasa a gindin katanga wanda ba sai na sake shukawa duk shekara ba?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da wani siririn fili a gindin katangar gidana, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita ɗaya da rabi. Katangar yamma take kallo, don haka daga azahar har faɗuwar rana wurin yana shan rana sosai. Shekara biyu ke nan ina shuka zinniya da marigold daga iri. Su yi kyau na wata uku, daga nan su bushe, wurin ya koma fayau. Yanzu so nake na sa furannin da saiwarsu ke zama a ƙasa, su riƙa sake tohowa da kansu. Ƙasar wurin mai laka ce, in an yi ruwan sama sai ta kwana biyu da danshi. Ina da yara biyu ƙanana da kyanwa ɗaya. Na ga hoton lavender a jere a gefen wani lambu, kuma gaskiya ta shiga raina ƙwarai. Za ta yi a nan?

Tsohon mai lambu:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki yi haƙuri da lavender tukuna. Asalinta daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum ne, inda ƙasa ke da tsakuwa, ruwa ba ya kwanciya. A laka mai danshi saiwarta ruɓewa take yi. Na taɓa dasa guda biyar a irin ƙasarki, ranar ba ta dame su ba, amma ruwa na sauka suka fara baƙi daga gindi, ko ɗaya ba ta tsira ba.

Kafin ki zaɓi komai, ki haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa, ki bari ya tsotse, ki sake cikawa. In na biyun ya kwana bai shanye ba, to abu biyu ne a gabanki: ko ki ɗaga fangalin da kamar taƙi ɗaya, ki cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki da ganye, ko ki nemi furen da ke son danshi.

Ni da ni ne, kanna zan jera a baya. Tana son rana, tana son ruwa, laka ba ta damunta. Wasu irin nata suna kai mita ɗaya da rabi, su rufe katangar da faffaɗan ganye, furen kuma ja ko rawaya ko ruwan goro. Saiwarta kauri gare ta, tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana fitar da 'ya'ya, saboda haka kada ki cunkusa su, ki bar rabin mita tsakani. Bayan shekara 3 sai ki tone ki rarraba. In kuwa inda kike ƙasa na daskarewa da sanyi, dole a tone saiwar a adana ta a ɗaki har sanyin ya wuce.

Mai son fure:

Baba ya gama magana kan ƙasa. Ni dai 'yar'uwa, a tsakiya pentas zan ba ki shawara. Furenta ƙanana ne kamar taurari, a dunƙule, ja da fari da ruwan hoda, kuma malam-buɗe-littafi ba ya rabuwa da ita. In kina tsinke wanda ya bushe, sabo zai yi ta fitowa. Sai dai da ranar yamma takan yi yaushi in ƙasa ta bushe, don haka ki shimfiɗa busasshen ganye a gindinta. Ki dasa uku-uku wuri ɗaya, ya fi a warwatsa ɗai-ɗai kyan gani. A gaba kuma ki sa lantana ko vinka, su biyun suna jure ƙarancin ruwa sosai.

Makiyayi:

Yaya, a kan lantana ban yarda ba. Ta ce tana da yara ƙanana. Ganyen lantana yana lalata hantar shanu da tumaki in sun ci, ɗanyun 'ya'yanta kuma guba ne, ga su ƙanana zagaye, irin abin da yaro zai tsinka ya kai baki. Ban da haka tsuntsaye na yaɗa irinta, a ƙasashe irin su Indiya da Ostareliya ta zama annoba a daji. Vinka ma ba abin ci ba ce. Daga jikinta ake samun vinkiristin, maganin sankara, wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfin abin da ke cikinta. Kuma ita ma ba ta son ƙasa mai riƙe ruwa.

Saboda kyanwar, in wani ya kawo miki daylily kada ki karɓa. Tana da juriya da kyau, amma tana kashe ƙodar kyanwa. A bakin fangali gazaniya ta fi, in dai kin ɗaga wurin kamar yadda Baba ya ce. Gajera ce, daga kudancin Afirka ta fito, furenta yana buɗewa da rana ya rufe da dare, to katangar yamma ta dace da ita.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na haƙa ramin jiya da yamma, yau da safe na tarar da kusan rabin ruwan yana nan. Don haka zan ɗaga fangalin kafin na dasa komai. Kanna a baya, pentas ja da fari a tsakiya, gazaniya a baki. Lantana na fasa. Lavender kuwa zan sa guda ɗaya a tukunya mai huji, da ƙasa mai yashi, inda zan iya janye ta ƙarƙashin rumfa in hadari ya haɗo.