A Fara Sanarwa Ko a Jira Wani Ya Tabbatar?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma na san ba kowa zai goya mini baya ba. A ganina bai kamata masu bincike su fito wa duniya da sakamakon gwaji ba sai wata tawaga dabam, da nata na'urorin, ta maimaita ta sami abin da suka samu. A watan Satumba na 2011 masu gwajin OPERA suka ce sun auna wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, waɗanda ake harbowa daga cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730 ta cikin ƙasa. Suka ce ƙwayoyin sun riga haske da nanosakan 60, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Jaridu suka ɗauka cewa ka'idar Einstein ta rushe. Lokacin ina koyar da fiziks, na shiga aji na tarar da wani yaro ya ja layi da jan biro a kan shafin da ke cewa babu abin da ya fi haske gudu. Ya ɗago littafin ya ce, "Malam, to me ya sa za mu haddace wannan?" A watan Fabrairu na 2012 aka gano wayar gilashin da ke kai siginar agogo ce ba ta zauna daidai a mazauninta ba. Yarana duk sun ji labarin farko. Na biyun kuwa sai da na bi su da shi aji-aji, wasu ma sun riga sun gama makaranta.

Injiniya Sabo: Wa alaikumus salam Malam. Ina bayanka. Ka ƙara da BICEP2 na watan Maris 2014, na'urar da ke ƙuryar kudancin duniya, da suka ce sun hango alamar girgizar da ta biyo bayan farkon halittar sararin samaniya. Ba a cika shekara ba bayanan tauraron ɗan adam na Planck suka nuna ƙurar da ke cikin tarin taurarinmu ce ta ruɗe su.

Dakta Zainab: Malam Habibu, da girmanka, amma ban yarda ba, kuma abin ya shafe ni kai tsaye. Ranar 16 ga Yuni 2020 masu gwajin RECOVERY na Jami'ar Oxford suka sanar cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin kawai. Ba su jira mujalla ba, ba su jira wata tawaga ba. A makonnin nan ina tsayawa a kan gadon mara lafiya ina kallon lambar oksijin a 'yar na'urar da ke maƙale a yatsarsa tana sauka, 88, 85, 81, ba ni da abin ba shi sai ƙarin iska da addu'a. Maganin kuma yana nan a kabad, muna wucewa ta gabansa kullum. Da an bi dokarka, wata nawa za mu ƙara muna wucewa ta gabansa? Mutum nawa za a binne kafin tawaga ta biyu ta kammala?

Malam Habibu: Allah ya saka muku da alheri Dakta, ba na raina abin da kuka gani. Amma a shekarar nan dai aka yi na hydroxychloroquine, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka ce yana warkar da korona. Shi ma ai sanarwar gaggawa ce, kuma kin fi ni sanin ɓarnar da ta yi.

Dakta Zainab: Na sani ƙwarai. Sai dai ka dubi abin da ke cikin kowace sanarwa, kar ka tsaya ga saurinta. Gwajin hydroxychloroquine na Marseille a Faransa, watan Maris 2020, mutum 36 aka ƙirga, ba a raba su ta ƙuri'a ba, kuma an cire wasu daga lissafi, har da wanda ya rasu da waɗanda aka kai sashen kulawa ta musamman. RECOVERY kuwa mutum 2,104 aka ba dexamethasone, aka gwada su da 4,321 da ba a ba, kuma ƙuri'a ce ta zaɓi wanda zai samu, likita ba shi da ta cewa. Wannan gwajin ne ma ya nuna hydroxychloroquine ba ya hana mutuwa, kwana 11 kafin sanarwar dexamethasone. Takardar Marseille sai a Disamba 2024 mujallar ta janye ta. Duka biyun sun fito da wuri, amma ɗaya ginin dutse ce, ɗaya ta kara.

Aisha: Don Allah ku yi haƙuri da ƙaramar cikinku, ina da tambaya. Idan ba a sanar ba, ta yaya tawaga ta biyun za ta san akwai abin da za ta maimaita?

Malam Habibu: Tambaya mai kyau, 'yata. Su faɗa wa junansu. Tsakanin masana dabam, gaban kyamara dabam.

Injiniya Sabo: A nan kam Malam na ɗan ja baya. Wannan katangar ta riga ta faɗi. Yau masana suna ɗora takardunsu a intanet kafin a tantance, duk mai waya zai karanta. Ka tuna LK-99 a watan Yuli 2023, da wasu 'yan Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa sinadarin da ke ɗaukar lantarki ba tare da asarar komai ba a yanayin zafin ɗaki. Da ya tabbata, da wayoyin wuta na duniya sun canza. Saboda sun bayyana yadda ake haɗa shi, ɗakunan bincike a Sin da Jamus da Amurka da Indiya suka hau kai. Kafin ƙarshen Agusta an gano gurɓacin sinadarin tagulla da farar wuta ne ya kawo raguwar asarar lantarkin da suka gani a ma'auninsu. Makonni kaɗan aka gama. Su kansu 'yan OPERA, a yi musu adalci, cewa suka yi sun kasa gano kuskurensu, a zo a taya su nema. Kuma ICARUS, wata na'ura a wuri guda, ta auna, ta sanar a watan Maris 2012 cewa nutirino bai wuce haske ba.

Malam Lawal: Na yi shiru ina saurare ne don mu manoma da masu binciken gona matsalarmu ta sha bamban da taku. Ku wayarku ce ta kwance, a ɗaure ta a sake aunawa gobe. Mu gwaji ɗaya damina guda yake ci. Kuma abin da ya yi aiki a tukunya cikin ɗakin gilashi sau da yawa yana zuwa fili ya watsa maka ƙasa a ido. A Rothamsted da ke Ingila an samar da alkamar da aka sa mata ƙwayar halitta don ta riƙa fitar da warin da darɓa ke fitarwa idan ta ji haɗari, darɓar nan mai tsotse ruwan ganye. A ɗakin gwaji ƙwarin suka guje ta. Aka kai ta fili a 2012 da 2013, aka ƙirga, babu wani bambancin kirki tsakaninta da sauran alkama. Suka wallafa hakan a 2015, ba su ɓoye ba, kuma ina ganin girmansu a kan haka.

Ni kaina na taɓa durƙusawa a 'yan kunyoyin gwaji ina juya ganye ɗaya-ɗaya ina ƙirga ƙwari da safe kafin raɓa ta bushe. Irin da muke gwadawa ya ba da amfanin da ya sa muka kusa yin rawa. Shekara ta gaba muka sauya masa wuri, ashe kunyar farko ce ke kusa da inda ruwa ke kwanciya. Irin bai fi na da ba ko kaɗan. Da mun yi shela a shekarar farko, wani ya sayar da dabbarsa ya sayi irin, wa zai biya shi? Don haka idan na ji an ce sabon iri ya ƙara amfani da kashi 40 cikin ɗari, abin da nake tambaya shi ne: a gona nawa, damina nawa, kuma da wane iri aka gwada shi, da wanda manoma ke shukawa ko da wani rarrauna na ɗakin bincike? A fagena ina tare da Malam Habibu ɗari bisa ɗari.

Dakta Zainab: Yaya Lawal, ai ba mu saɓa ba. Manomin da ya jira damina biyu yana da tsohon irinsa a hannu. Mara lafiyata ba shi da tsohon numfashin da zai koma wa.

Malam Lawal: Gaskiya ne ƙanwata. Amma ku ma kun taɓa ƙonewa a inda babu gaggawa. Ba a 2009 aka ce an gano bairas ɗin XMRV a jinin masu ciwon matsananciyar gajiya ba?

Dakta Zainab: An yi haka, a mujallar Science ma. Wasu ɗakunan bincike suka nema ba su gani ba, daga baya aka gano bairas ɗin a ɗakin gwaji ya samo asali, daga ɓeraye, ya gurɓata samfura. An janye takardar a Disamba 2011. A tsakanin nan wasu marasa lafiya har sun fara shan magungunan ƙanjamau a kan cutar da ba ta jikinsu. Wannan yana yi mini ciwo har yau, kuma a kansa na ba Malam gaskiya.

Malam Habibu: To bari in nuna muku abin da nake nufi da aiki mai tsafta. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urar LIGO da ke Livingston a Amurka, mai gano girgizar sararin samaniya, ta ji wata girgiza, bayan kimanin kashi 7 cikin dubu na sakan takwararta ta Hanford ma ta ji, tsakaninsu kilomita 3,000. Baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe, wato wurare a samaniya da ko haske ba ya kuɓuce wa jansu, ɗaya ya ninka nauyin rana sau 36, ɗaya sau 29. Mutanen nan suka kame bakinsu wata biyar suna bincike, har da tabbatar da cewa ba wani daga cikinsu ne ya saka siginar ƙarya don gwada su ba, domin an taɓa yi musu haka da gangan a 2010. Sai 11 ga Fabrairu 2016 suka yi magana. Wannan shafin ba wanda ya ja masa jan biro.

Aisha: Amma Malam, na'urorin biyu ai na tawaga ɗaya ne. Bisa dokarka da sai sun jira Virgo, na'ura irin tasu ta wata tawaga a Italiya, ita kuwa sai a Agusta 2017 ta shigo. Ke nan su ma sun karya dokar?

Malam Habibu: Kin kama ni a nan, 'yata. Na yarda kalmar "wata tawaga" ta yi tsauri. Abin da ba zan sauka daga kai ba shi ne shaida biyu da ba su jingina da juna ba. Na'urori biyu masu nisa, ko ATLAS da CMS, gwaje-gwaje biyu na CERN da kowannensu ya ga sabuwar ƙwayar da ake kira Higgs a 2012, ko dubban mutanen Dakta da ƙuri'a ta raba.

Injiniya Sabo: To ga wanda bai mutu ba tukuna, mu gwada ma'aunin a kansa. A Afrilu 2025 wata tawaga daga Cambridge ta ce na'urar James Webb mai hangen sararin samaniya ta nuna alamar wata iska a duniyar K2-18b, mai nisan tafiyar haske na shekara 124, iskar da a nan duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Ƙarfin shaidar sigma 3 ne, sigma kuwa ma'auni ne na yadda sakamako ya wuce a ce dace ne kawai, alhali masana fiziks sigma 5 suke nema kafin su ce an gano abu. Wasu masana suka sake duba bayanan suka ce wasu sinadarai ma za su iya ba da irin wannan alama. Ya kamata a sanar ko bai kamata ba?

Malam Lawal: Da ni ne sai na ƙara damina.

Dakta Zainab: Ni ma, tunda babu wanda ke kwance yana jiran amsar.

Aisha: Ni kuwa labarin nan ne ya sa na fara karanta yadda ake gane iska daga hasken tauraro, kuma a takardar tasu na fara ganin kalmar sigma. Malam Habibu, idan kana da lokaci gobe, ina so ka nuna mini yadda ake lissafa ta.